Ranar da Allon Sadiku Ya Kunna Kansa

Bari in fara lissafo muku waɗanda ke gidan ran nan, don kada wani ya ce ƙirƙira na yi. Akwai ni. Akwai Jamila matar ɗana Sadiku, da 'yarsu Ummi, takwarata, wadda lokacin ba a daɗe da yaye ta ba, ƙafa ta yi ƙwari amma baki bai gama buɗewa ba. Sai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, Batangaliya, da ta shigo yi wa Jamila kitso. Shi Sadiku yana wurin aiki, sai daga baya ya zo tare da Iliya, mijin Maman Rifkatu, wanda gyaran kayan wuta da kwamfuta ne sana'arsa. Dukansu suna raye, suna nan Barunde cikin garin Gombe, wanda bai yarda ba ya zo ya tambaye su. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na wasa, ba na ƙarin gishiri. Ban taɓa ganin aljani ba, ban kuma nemi gani ba. Amma wannan, wallahi tallahi, da idona na gani, shekaru kaɗan da suka wuce.

Ni dai ba na shiri da wayar wuta. Lokacin da muke zaune a unguwar Arawa, gidan da ke jikin namu ya ƙone ƙurmus da rana tsaka, saboda an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, ta bi ta wayar talabijin ta kama labule. Tun daga ranar, da zarar an ɗauke wuta sai in bi ɗaki ɗaki ina zare duk abin da ke jikin bango, yara su yi ta guna-guni, ni ko a jikina.

To sai ga Sadiku ya shigo da wani allo na kwamfuta, su monita suke ce masa, ya kafa shi a kan tebur a falo, dab da kujerar da nake zama. Da shi yake aiki in ya dawo gida, ya haɗa shi da 'yar kwamfutarsa ta jaka. Bayan nan ɓarayi suka dame mu a unguwa, sai ya sa Iliya ya liƙa mana kyamarori a ƙofar gida da baranda da lungu da bayan gida, ya zamana in ba aiki yake ba, allon nan yana nuna wurare huɗun a rarrabe, kowanne da gidansa.

Wata rana da yamma aka ɗauke wuta, Sadiku ya shiga kewaye ya bar kayansa a buɗe, na miƙe kamar kullum na zare wayar allon daga bango. Abu ya ƙi mutuwa! Ga waya a hannuna, ga allo tar kamar ba a yi komai ba. Na ce, "Innalillahi! Sadiku, fito, abin nan naka ya ƙi mutuwa!"

Ya fito yana dariya har da riƙe ciki. Na ce ya rufe min baki ya gaya min abin da ke ciki. Ya ce, "Dada, ai ba a bango kaɗai yake shan wuta ba. Zo ki gani."

Ya juya min bayan allon ya nuna min kafofi uku. Ta farko ita ce ta waya mai kauri, mai wani baƙin dunƙule a tsakiya, wadda ke zuwa bango. Ta biyu 'yar mitsitsiya ce kamar ƙwayar shinkafa, a nan wata siririyar waya ke shiga daga kwamfutarsa ta jaka, ya ce ita wannan tana kawo hoto tana kuma kawo wuta a tare, wato kwamfutar ce ke shayar da allon daga batirinta, shi ya sa bai mutu ba. Ta uku mai faɗin baki ce, wayarta daga akwatin kyamarori take zuwa. Akwatin yana can saman kabad da batirinsa, shi da kyamarorin ba ruwansu da ɗauke wuta, amma wayar tasa hoto kawai take kawowa.

Na ce, "Wato irin baƙon nan ne mai kawo labari ba ya kawo tsaraba."

Ya ce, "Shi ke nan, Dada, kin gama karatu."

Na sa ya sake maimaita min, na taɓa kowace waya da hannuna, na kuma tambaye shi ko allon yana da batir a cikinsa, ya ce ko ɗaya. Hankalina ya kwanta. Na faɗi wannan ne don ku san ba jahilci ya ruɗe ni ba, na san wayoyin nan kamar yadda na san tukwanena.

Ranar da abin ya faru lokacin zafi ne, kuma tun shekaranjiya rabonmu da wuta. Waya mai kauri ni na zare ta daga bango da kuma jikin allon gaba ɗaya, na naɗe ta na sa a kwandon da ke ƙarƙashin kujerata. Siririyar kuwa Sadiku ya tafi da ita, ni ma na tuna masa da safe, na ce, "Ka bar wutsiyar kwamfutarka a tebur," ya dawo ya cusa ta a jaka a gabana. Babu abin da ya rage a jikin allon sai mai faɗin bakin nan.

Ku da ke Gombe kun san halinmu da ruwa. Muna da ramin siminti a bayan gida, rizabuwa, mai zurfin da ko namiji ya faɗa sai an ciro shi, tanka ke zuwa ta cika mana. Da hantsi tankar ta zo, suka jefo tiyo ta kan katanga, ɗaya ya haura ya ɗaga murfin ƙarfen, suka cika shi fal. Ina ji Jamila ta ɗaga murya daga baranda, kanta a cinyar Maman Rifkatu, ta ce, "Malam, don Allah a mayar da murfin!" Aka amsa mata da "To, Hajiya." Motar ta tafi.

Ni ina falo ina tsinkar zogale a tire, gwiwata ta hagu ta kumbura tun dare, da ƙyar nake taka ta. A zatona Ummi tana wurin uwarta, ita kuma uwar a zatonta tana wurina. Kun san yadda abin yake.

Sai kawai haske ya faɗo kan tiren da ke cinyata.

Na ɗaga kai, allo ya kama. Ba ƙara, ba wannan 'yar walƙiyar da yake yi kafin ya tashi, kawai ya buɗe kamar an yaye labule. Kuma ba gida huɗu ya nuna ba yadda ya saba, bayan gida kaɗai ya cika fuskarsa. Ga ramin a buɗe, murfi a jingine da katanga, ruwa yana ƙyalli. Ga Ummi da 'yar rigarta ruwan ɗorawa ta durƙusa a baki, ta miƙa hannu tana son taɓa ruwan, ta ƙara miƙawa, sai na ga kanta ya yi ƙasa, ƙafafunta biyu sun ɗaga sama, ruwan ya rufe a kanta. Na rantse da wanda raina ke hannunsa na ga ruwan ya rufe.

Ban san yadda na tashi ba. Zogale ya watse, ban nemi takalmi ba, gwiwar da tun safe nake lallaɓa ta ban ko tuna da ita ba, na bangaje ƙofa na bi ta baranda, na ji Jamila tana "Dada, lafiya? Dada!" ban tsaya ba, na kutsa lungu ina salati da ƙarfi, a raina kuwa na gama sallamawa, tunanina kawai yadda zan faɗa ramin in lalubo ta, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Ina ɓullowa bayan gida sai ga yarinya a durƙushe a bakin rami, a bushe. Yanzu ne ma take miƙa hannun. Na ga ta ƙara miƙawa, daidai yadda na gani, kanta ya fara rinjaya, na kai hannu na damƙi bayan rigar na fizgo ta, muka zube tare a kan siminti. Goshinta kaɗai ya taɓa ruwa.

Ta tsandara kuka don na ba ta tsoro, har da kai min duka a ƙirji. Kai, ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba. Jamila ta iso da kitso rabi a tsefe, tana ganin ramin a buɗe ta zauna daɓas tana kiran sunan Allah. Maman Rifkatu ta ɗora hannu biyu a ka tana "Yesu! Yesu mai ceto!" sannan ita ce ta yi ƙarfin halin jawo murfin ta rufe. Jamila ta rarrafo ta kama ƙafata tana kuka, ta san halina, tana jiran faɗa. Faɗan bai zo ba. Na ce, "Tashi ki karɓi 'yarki, ki ba ta ruwa ta sha."

Sai da numfashi ya dawo Maman Rifkatu ta ce, "Dada, wai ta yaya kika sani? Ko motsinta ba mu ji ba."

Na ce, "A allo na gani."

Jamila ta ce, "Wane allo, Dada? Ai babu wuta."

Maman Rifkatu ta ce a hankali, "Maman Ummi, ba na ce miki an kawo wuta ba? Ta taga na hango hasken, kika duba ƙwan baranda kika ce ba a kawo ba."

Muka shiga falo mu uku, kowa na tura ɗan'uwansa gaba. Allo baƙi ƙirin. Na jawo kwando, ga waya mai kauri a naɗe yadda na ajiye ta.

Da la'asar Sadiku ya dawo, don Jamila ta kira shi, ya biya ya ɗauko Iliya. Sai da ya rungume 'yarsa, sannan suka hau bincike. Iliya ya danna maɓallin allon da mai faɗin bakin kaɗai a jiki, shiru. Ya zare ya mayar, shiru. Ya jona cajar waya da wani ɗan batirin aljihu a 'yar ƙaramar kafar, allon ya yi ƙyaf ya mutu, ya ce ƙarfinsu bai kai ba. Sai da aka sa siririyar daga kwamfutar Sadiku sannan ya tashi.

Sadiku ya ce, "Baban Rifkatu, ba ka ce wuta takan saura a cikinsu ba?"

Iliya ya ce, "Takan saura, kamar ɗigon da ke rage a tiyo bayan an kashe famfo. Ƙiftawar ido ce. Ba ta kwana, balle kwana biyu."

"To mai faɗin fa? Ko wuta ta biyo ta?"

"Akwai 'yar wuta a cikinta, amma ta gaisuwa ce kawai, don akwatin ya san allo na nan. Ko ƙwan tocila ba za ta riƙe ba." Ya juyo wurina ya ce, "Mama, kin tabbata ba gyangyaɗi kika yi ba?"

Matarsa ta ce, "Ni ma gyangyaɗin na yi, da kan mutum a hannuna?"

Ya ce a bar musu, akwatin yana ajiye duk abin da kyamarori suka gani, a duba. Suka mayar da hoton baya zuwa hantsi, muka taru muna kallo. Ga mai tanka ya haura katanga ya bar murfi a jingine. Can sai ga Ummi ta fito lungu tana 'yar tafiyarta, tana tsayawa tana wasa da ƙasa. A gidan baranda kuma sai ga ni na fito a guje kamar mahaukaciya. Iliya ya tsayar da hoton, ya matso da fuskarsa, ya mayar baya, ya sake tsayarwa.

Lokacin da na fito daga falo, yarinyar ba ta ma kai bakin ramin ba. Tana tsaye nesa da shi, tana kallon wata ƙadangaruwa a bango. Faɗawar da na gani, da ƙafafun da suka ɗaga, da ruwan da ya rufe, babu su a cikin akwatin ko kaɗan. Sun duba har Sadiku ya ce ya isa.

Iliya ya tattara kayansa. Ya ce, "Mama, abin da na sani na faɗa. Wannan kuwa ba aikina ba ne, na Mai Sama ne." Jamila ta ɗauko wani tsohon zani ta lulluɓe allon, ta ce ita ba za ta iya wucewa ta gabansa yana kallonta ba.

Har yau ban san abin da ya kunna shi ba, ban kuma je wurin kowa neman fassara ba. An ba ni jikata, na karɓa, na gode. Bai sake yi ba, ko sau ɗaya. Amma wani lokaci in ina zaune ni kaɗai haske ya gilma a bango, ko na mota ne, sai in ji tsikar jikina ta tashi. Ku dai masu ramin ruwa a gida, kada ku yarda da "to" ɗin mai tanka, ku taka da ƙafarku ku duba. Kuma in yaro ya ɓace muku da gani, kada ki ce yana wurin wance, ɗaga murya ki tambaya. Ba kowa za a kunna wa allo ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na jiƙa gero na sa Jamila ta dama kunu mai yawa aka raba wa maƙwabta sadaka, na aika wa Maman Rifkatu nata a babban kwano. Rana na ɗagawa na ɗaure gwiwata da tsumma, na hau Keke Napep har Kasuwar Gombe, na taho da mai walda, na tsaya a kansa ya yi wa murfin nan ƙarfen maƙalawa da kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanina. Da na dawo falo na tarar da allon a lulluɓe yadda Jamila ta bar shi. Na tsaya na dube shi. Sai na yaye zanin na ninke, na goge masa ƙura da gefen mayafina, na juyo da fuskarsa ta kalli kujerata sosai, sannan na zauna.