Bangon da Ya Kai Nomau Kotu

Nomau mutumin Damagaram ne, magini ɗan magini, kuma ban taɓa ganin mai ƙaiƙayin hannu irinsa ba. Ya zo aikin hajji a 1981, ya tarar ana ta gini ko'ina a Jidda, sai ya ce bari ya ɗan taɓa na wata shida. Wata shidan nan ne ya zama shekara ashirin da ɗoriya. A unguwar Mahjar ya zauna, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya tilo, Sharifa, wadda take jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai Larabci ya riga fitowa.

Ni a gidan abincin Abdulghaffar na san shi, inda nake gashin tsire. Abdulghaffar jikan alhazai ne, haifaffen nan, ɗan ƙasa, shi ne kuma kafilin Nomau, wato iƙamarsa, takardar izinin zama, a hannunsa take. Da zai buɗe wurin a unguwar Aziziyya, ya ce yana son duk wanda ya shigo ya ji kamar zauren kakanninsa ya shiga, alhali shi kansa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Babu jar ƙasa a Jidda, sai Nomau ya kwaɓa siminti da jibis, ya ɗauki cokalin gini da wata tsohuwar wuƙa, ya fitar da dagi a saman ƙofa, takubba a gefe, zankwaye a kan katanga. Ranar da aka kunna fitilu na ga wani dattijon Chadi ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido. Larabawa ma suka yi ta zuwa da iyalansu, ana cin tsirena ana ɗaukar hoton bangon Nomau.

To, in ka ga kasuwa ta ci, makwaikwayi na nan tafe. Wani Othman ya kama shago a unguwar Kurayyat, ya turo aka ɗauki hotunan wurinmu kaf, ya ba leburori ya ce su yi masa irinsa. Wata Asabar Nomau ya bi ta layin, ya hango dagin da suke yi, igiyarsa ta tsinke, ba ta hawa ba ta sauka. A wajen maginan garinsu abin kunya ne ka wuce bango yana lalacewa a hannun wani ba ka ce a miƙo maka cokali ba. Bai tambayi ko shagon wa ne ba. Ya naɗe hannun riga, bai sauko ba sai la'asar, ladansa shayi da farantin shinkafa. Da ya ba ni labari na ce masa ya kai wa kura wuƙa ta yanka shi, ya ce shi dai ba zai iya barci ba da karkataccen dagi a gari.

Abdulghaffar ya kai ƙara. In za a faɗi gaskiya yana da abin cewa, don Othman har launin tabarmi da fasalin allon suna ya kwashe, wasu masu ciniki suna zaton reshenmu ne. Amma lauyansa ya ce ƙarfin ƙarar yana ga bangon, sai an nuna zanen sabo ne, don Abdulghaffar kaɗai aka ƙirƙiro shi. Mai shaidar haka kuwa mutum ɗaya ne. A gabana Abdulghaffar ya kira Nomau bayan kanta.

"Ya ammi Nomau, kalma ɗaya bas. Ka ce zanen nan nawa ne, don ni ka ƙaga shi. Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ka sani, ni ma na sani."

Nomau ya ce Allah ya kai mu. Duk mun san abin da ke kan faifai: matarsa ta rasu, Sharifa tana aure a nan da 'ya'ya biyu, in aka ƙi sabunta masa iƙama shi kaɗai zai hau jirgi.

Ni na raka shi kotu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da alƙali ya tambaye shi, ya yi bayani da Larabcinsa na wurin gini, ba sauri ba in'ina. Ya ce jerin tebura da fitilu da launuka tunanin Abdulghaffar ne, Othman kwaikwaya ya yi, kuma bai kyauta ba. Ya ce shi da kansa ya gyara bangon Othman, ba wanda ya aike shi. Dagi kuwa a hannun ubansa ya koya, uban a hannun nasa uban, yana kan gidaje ɗaruruwa a garinsu tun ba a haifi kowa a ɗakin nan ba. Wallahi ina zaune sai na ji kaina ya yi girma, kamar ni ne na faɗa.

Alƙali ya sa Othman ya canza allon suna da launuka da tsarin zama, bango kuma aka bar wa kowa nasa. Abdulghaffar ya ci rabi, amma rabin da ya rasa ne ya tsaya masa a wuya. A bakin kotu ya dubi Nomau ya ce halas, wato an gama. Mun je ban haƙuri, limamin unguwa ya je, amma Abdulghaffar ya ƙi sabunta iƙamar, ya kuma ƙi sakin kafalar ga wani.

Ana gobe tafiyar Nomau gida na je taya shi ɗaure kaya, na tarar da Sharifa idonta ya kumbura. Ta tattaro Hausarta kaf, don ta san ita ce za ta shige shi.

"Baba, kalma wahda ce fa. Saboda bango za ka bar mu?"

Ya ɗora ƙaramin jikansa a cinya, ya daɗe yana shafa kansa.

"'Yata, in na rantse nasa ne, to gidan kakanki a Damagaram na sata ne ke nan. Da wane ido zan shiga cikinsa?"

Ta tashi ta ɗauko cokalin da wuƙar, ta naɗe su a mayafinta, ta sa masa a cikin jaka.