Ranar da Baba Ya Ƙi Yanka Sansa

Ina gidanmu wankan jego a shekarar da kuraye suka addabi ƙauyenmu. Aure ya kai ni Likoro, amma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, shi ya sa na dawo gabashin Ikara, inda gonakinmu suka yi iyaka da gandun dajin gwamnati. Tun muna yara mun san akwai kura a dajin nan, sai dai can nesa ake jin kukanta. A wannan shekarar kuwa, wallahi ta raina mu. Gari na wayewa sai a ga sawunta a bakin rijiya, kamar ita ma ɗiban ruwa ta zo. An hana sa tarko, an hana guba. Wani maharbi da ya gwada sa'arsa, malaman daji suka tafi da shi har da bindigarsa. Suka ce in ta yi ɓarna a kai ƙara, gwamnati na biyan diyya.

Shanun huɗa biyu Baba yake da su, tun suna ƙanana ya sayo su a kasuwar Makarfi ya hore su da hannunsa. Kafin in zo kuraye suka yage wa ɗaya cinya. Baba ya yi abin da kowane musulmi zai yi: ya kira Liman ya duba, aka tabbatar da sauran rai, aka yanka. Sannan aka yi watanda. A wajenmu in tsautsayi ya faɗa wa dabbar mutum, kasa naman ake yi kowane gida ya ɗauki kashi ya biya, ko da bai yi niyyar cin nama ba. Kuɗin ba ya mayar da sa, amma yana rage zafi, mutum ya samu abin da zai ɗora a kai.

Da malaman daji suka zo, Baba ya nuna musu fata da turke. Babbansu ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai wannan ba kura ce ta kashe shi ba, wuƙarka ce. Diyya sai ga abin da naman daji ya kashe. Da ka bar shi yadda yake mun zo mun ɗauki hoto, da an biya ka sabon sa." Kai jama'a! Wai a bar dabba ta mutu mushe don a ɗauki hoto. Inna ta ce tun ranar maganar nan ta zauna wa Baba a ƙirji, yana cin tuwo sai ya tsaya ya ce, "Sabon sa fa ya ce."

Saura ɗaya ke nan, wani fari mai faɗin goshi. Baba ya shirya da maƙwabcinmu, wanda shi ma ɗaya ne da shi, za su haɗa su a garma, yau gonar wannan gobe gonar wancan. Noman gidanmu kaf a wuyan farin nan yake. Baba ya tsufa, ƙannena kuma duk mata ne. Ya matso da turken jikin dangarmu ta baya, ya zagaye shi da ƙaya. Daga inda nake wanka ina jin numfashinsa.

Hadari ya fara haɗuwa, mutane na gyaran garemani, rannan da asuba Inna na dafa mini ruwan wanka muka ji wani irin kuka da ban taɓa jin sa ya yi ba. Kafin maza su fito daga masallaci an gama. Na leƙa ta ramin danga. An ture ƙayar gefe guda, farin yana kwance, bayansa duk a yage, yana ɗaga kai yana mayarwa. 

Liman ya zo ya durƙusa, ya duba cikin da kyau. Ya ce, "Alhamdu lillahi, hanji bai huje ba. Malam, kawo wuƙa, yanzu in an yanka halal ne."

Baba ya ce, "A dakata."

Kowa ya juya ya dube shi. Mutumin da ko kaza ya gani tana layi sai ya aika a kawo wuƙa! Ya ce wa maƙwabcinmu ya hau tudu inda ake samun sabis ɗin waya ya kira ofishin malaman daji. Maƙwabcin ya dawo ya ce sun ce ga su nan, kada a taɓa komai.

Rana ta ɗaga. Zafin bazara ne, irin wanda ko iska ba ta motsi. Ƙudaje suka taru, ungulu suka fara sauka kan kukar da ke bayan gida, ɗaya bayan ɗaya, ba su ko kaɗa fiffike. Mata suka riƙa aiko yara da kwanuka a ji ko an fara kasawa, Inna na mayar da su. Baba ya kafa wa san rumfar zana, ya kawo ruwa a ƙwarya yana shafa masa a goshi. Wuƙar tana gefensa a cikin kube, ya wasa ta tun da safe.

Ni dai mai jego ba ta fita, amma baki ai ba a ɗaure mini shi ba. Na manna fuska a danga na ce, "Baba, don girman Allah ka yanka shi. Ba ka jin kukansa? Mutanen nan yaushe suka taɓa zuwa a kan lokaci?"

Ya ce, "Koma ciki, 'yar nan, iska za ta shige ki."

"Iska ta shige ni! Hakkin dabbar nan fa, Baba?"

Inna ta finciko ni tana cewa ban da kunya, haka ake yi wa uba magana? Amma ita ma idonta ya kawo ruwa. Na zauna ina ba jaririna nono, ina jin nishin nan yana ratsa danga. Haushin Baba nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Na san lissafin da yake yi. Watanda ba za ta saya masa sa kafin shuka ba, su kuwa sun ce sabo.

Bayan azahar Liman ya dawo da dattawa. Ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Wahalar da dabba ba kyau, barin dukiya ta lalace ba kyau. Mun yi magana, kowa zai ƙara a kan kashinsa." Baba ya sunkuyar da kai ya ce a sake kira. Aka sake. Wai motarsu ba mai, amma an tafi nema. Can kuma wayar ta daina shiga. Dattawan suka tashi suna kaɗe riguna, ba wanda ya yi masa sallama.

Wajen la'asar kukan ya canza. Ya koma wani gurnani ƙasa-ƙasa, sannan ya fara yankewa. Can cikin daji, da rana tsaka haka, muka ji kura ta yi kuka sau ɗaya. Inna ta ɗauke jaririn daga tabarma ta shige ɗaki da shi. Na koma ramin danga. Farin ya miƙe ƙafafu, idonsa a kan Baba. Ban san abin da Baba ya gani a idon nan ba, sai kawai na ji ya ce, "Innalillahi, me na yi haka?" Ya zare wuƙa, ya kama ƙaho, ya yi bisimilla ya yanka.

Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya ɗan gangaro baƙi, a hankali, ya tsaya. Ƙafa ko ɗaya ba ta motsa ba. Aka kira Liman, ya dafa ƙirjin san, ya duba wuyan. Sannan ya ce, "Ya riga ka, Malam. Mushe ne."

Washegari da hantsi motar ta iso. Maza sun kwana suna gadin mushen da wuta da sanduna, ya kumbura, wari ya cika unguwa. Babban nasu ya toshe hanci da hankici, ya zagaya, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Sai ya tsaya. Ya nuna wuyan da ƙafa.

"Baba, wannan kuma fa? Ba mun gaya maka kada ka sa wuƙa ba?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ya riga ya mutu na yanka. Ga Liman nan, a tambaye shi."

"Ni abin da hoto zai nuna na sani. Yankakke ne."

Na buɗe baki zan zazzaga wa babban nasu abin da ke cikina, Inna ta toshe mini shi da tafin hannu. Suka shige motarsu suka tafi. Da ƙurar motar ta lafa Baba ya shigo ya ɗauki magirbi, ya ce a taya shi haƙa rami mai zurfi, kada kuraye su tone.