Tarin Motar Baffa

Akwai wani tsohon injin markaɗe a bayan gidan da nake aure yanzu, kullum da hantsi sai ya yi tari sau uku kafin ya kama. Duk sanda na ji shi sai hannuna ya tsaya a kan aiki, zuciyata ta koma ƙauyenmu na gefen Unguwar Lalle, shekarar da damina ta yi mana rowa karo na biyu a jere. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, ba wanda ya rubuta.

In ba ka ga fari da idonka ba, ban san yadda za ni kwatanta maka shi ba. Ni abin da na fi riƙewa shi ne igiyar rijiya. Kowane mako sai an ƙulla mata wani guntu, har ta kai idan mata suka ja guga sai sun yi tafiya mai nisa kafin ya fito, kuma abin da ke ciki rabi laka ne. A gidanmu kakata ke raba ruwa, da ƙoƙo ɗaya take auna wa kowa. Jakinmu ya mutu tun farkon bazara. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, yana nan a zaure da allunansa, ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi.

Ƙanen mahaifina, Baffa, shi ke da mota, wata tsohuwar a-kori-kura da ya gada wajen maigidansa a garin Isa. Da can buhunan gero take ɗauka ranar kasuwa. A shekarar nan mutane take ɗauka, da tabarminsu da tukwanensu, tana kai su bakin babbar hanya.

Baffa yana son wata budurwa a Burkusuma. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da ya tafi da ni, ta miƙo mini goriba biyu ta taga tana dariya, wushiryarta kamar an auna. Na girma ina aron littattafan soyayya a kasuwa, kuma duk jarumar da na karanta fuskar yarinyar nan nake sa mata, har yau. Shi kuwa Baffa idan ya dawo daga can sai ya wuni yana goge gilashin mota da hularsa, yana murmushi shi kaɗai.

Ranar Lahadi saƙo ya zo daga mahaifin yarinyar. Sauran shanunsa sun fara faɗuwa, asubahin Juma'a zai tashi da iyalinsa neman inda akwai ciyawa. In Malam ya zo da kansa kafin nan, a ɗaura aure ya bar ta a hannunmu. Amma ba zai ba da ɗiyarsa ga ɗan aike ba.

Litinin da safe aka ɗora Malam a gaba, aka sa ƙunshin goro a baya. Mota ta tashi lafiya, tana gurnani a tsaye kamar kullum. Baffa na taka totur sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake yin haka. Aka sauke Malam, aka aika garin Isa a kira bakanike, wani abokin Baffa mai yawan ba'a, wanda ya iso da azahar a kan keke.

Ya buɗe gaban motar, ya kwance wani ƙarfe mai kama da ƙaramar tukunya, ya ce sunansa kafireta, nan fetur ke haɗuwa da iska kafin inji ya sha. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai huji kamar na allura, ya ɗaga shi sama yana leƙe.

"Ango, mi kake ba ta, kunu? Dubi datti."

Ya hure shi da baki, ya wanke da fetur, ya mayar. Da la'asar mota na ruri kamar sabuwa. Amma fitilarta ɗaya ta daɗe da mutuwa, hanyar kuma yashi ce, sai aka ce a bari sai safe. Ai akwai sauran kwana.

Talata, gari bai gama wayewa ba, Kaka ta tashe ni. Tana riƙe da ƙoƙo rufe da faifai. Na san abin da ke ciki tun kafin ta buɗe, rubutu ne, ayoyin da Malam ke rubutawa a allo a wanke wa mara lafiya ya sha. Na sha shi ba adadi, da ɗanɗanonsa na gawayi da ƙaro. Ko jakinmu an ba shi kafin ya mutu.

"Ke da kike yawo da Baffanki, ta ina motar take shan mai?"

Na nuna mata murfin tanki, na murɗe shi da hannu biyu.

"Yi bismilla ki zuba. Kar ɗigo ya taɓa ƙasa. Kuma kar ki hwaɗa wa Baffanki, yaran yanzu ba su da tawakkali."

Daga baya na gane da ruwan shanta na ranar aka wanke allon, don ta wuni tana tsotsar tsamiya.

Aka sake ɗora Malam. Mota ta fita ƙofar gari, ta yi tari, ta yi fizge-fizge, ta tsaya. Bakanike da ya kwana a zaurenmu ya tafi da gudu babu takalmi. Ranar ya ciro fulogi huɗu ya kankare su. Ya wanke abin tace iska. Ya murɗa wata 'yar kusa yana sauraron inji da kunne ɗaya, ya ce ɗan famfon da ke fesa mai idan an taka totur ne ya gaji, ya yanko fatar tsohon takalmi ya yi masa faci. Da yamma mota ta warke. Kowa ya yaba masa, shi kuwa yana ta sosa ƙeya, ya ce shi kansa bai san wanne daga ciki ya yi maganin ba.

Kaka ta ce mini ciwon ya yi ƙarfi ne, ƙoƙo ɗaya ya yi kaɗan. Laraba muka zuba biyu.

Ranar ko ƙofar gari ba ta kai ba. Bakanike ya kwance kafireta ya juye abin da ke cikinta a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallo.

"Ruwa ne."

"Ruwa?" in ji Baffa. "A garin ga?"

Maza suka taru. Wani ya ce mai sayar da fetur a kwalba can bakin iyaka ne ke haɗawa. Bakanike ya ce in mutumin nan yana da ruwan zubawa a fetur bana, da ya bar fetur ya koma sayar da ruwa. Wani ya ce raɓa ce, aka yi masa dariya, don rabonmu da raɓa an manta. Wani tsoho ya rage murya ya ce akwai masu neman yarinyar a can, kuma ba kowa ke son Baffa da alheri ba. Wannan maganar ita ta fi zama a zukata.

Ina tsaye a cikinsu, kuma wallahi mamakina bai gaza nasu ba. Ina ta tunanin wane mugu ne ya sami ruwa ya zuba wa motar Baffa. Ko kusa ban kawo abin da muke yi da Kaka ba, don a wajena ruwa daban, rubutu daban. Na ma ruga na ba ta labarin masu hassada, ta yi salati ta ce ai ta faɗa, gobe za ta roƙi Malam ya ƙara da na tsari.

Bakanike ya kwance ƙasan tanki ya ɗan tsiyaye, ya sake wanke komai, mota ta tashi. Baffa ya so a tafi a lokacin, amma Malam ya sha rana a mota har jiri na ɗibarsa, sai aka kwantar da shi. Saura Alhamis kaɗai.

Alhamis, bayan mun zuba har da na tsarin, ko tashi motar ba ta yi ba. Baffa ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Bakanike bai yi ba'a ba ranar. Ya ce a kawo masa farin kwano, na kawo, ya juye kafireta a ciki. Fetur ya taso sama, a ƙasa wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo. Ya dangwala ya murza a yatsu, ya ce da danƙo. Ya kai harshe.

"Kamar ƙaro. Mi ya kawo ƙaro cikin mota?"

Na leƙa kwanon, ƙamshin ya bugo ni ta cikin warin fetur. Da murnata na yi magana, don na ɗauka albishir nake yi cewa maganin ya isa har ciki.

"Rubutun ne. Ashe tana sha."

Baffa ya ɗago ya dube ni, ya dubi ƙofar gida inda Kaka ke tsaye. Malam ya turo kai daga zaure, ya fuskanci Kaka.

"Na tambaye ki wa ke ciwo, kin ce mai tari ne cikin gida."

"To ƙarya na yi, Malam?"

Bakanike ya fashe da dariya, sai ya ga fuskar Baffa ya haɗiye ta. A hankali ya yi wa Kaka bayani, cewa tun ranar Litinin motar ta warke. Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta dafa bango, ta zame ta zauna.

Ƙaron ya liƙe ko'ina. Sai da aka sauke tanki gaba ɗaya, aka tace fetur da ɗankwalin mahaifiyata, aka zare bututu ana hurawa. Malam ya sa aka kai baƙin ruwan gindin aduwa inda ba a takawa. Ba a gama ba sai bayan magariba. Suka tashi da asuba, suka kafe a yashi sau biyu, suka isa Burkusuma rana ta take. Sun tarar da ƙofar gidan an ɗaure ta da igiya. Maƙwabta suka rabu biyu, wasu sun ce kudu suka yi, wasu sun ce sun ƙetare iyaka. Baffa ya bi kudu kwana tara bai same su ba.

A littattafan da nake karantawa, a nan ne ake haɗuwa bayan shekaru a wata tasha. Mu ba a haɗu ba. Baffa ya auri wata daga baya, mace mai kirki, sun yi zuri'a. Yanzu babur kan kai mutum Burkusuma kafin shayi ya huce, kuma da waya ɗaya a aljihun mahaifin yarinyar da sun jira mu rabin yini. Motocin yanzu ma an ce ba su da kafireta, na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu. Ni dai har yau ban san inda za ni ajiye laifin ba, ko a hannuna da ya zuba, ko a ƙishirwar da tsohuwa ta sha kwana uku don ɗanta ya sami wadda yake so.

Kaka ta rayu shekara goma sha bayan haka. Sau da yawa baƙi kan tsokani Baffa a gabanta, su ce ina labarin 'yar Burkusuma. Sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa kallon inda take ba, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Kafireta ce tac ci amanata, tsohuwar mota ce."