Merlinda da Ambulan Mai Hatimi

A garinsu Iloilo, can ƙetaren teku, ba wanda ya isa ya kira sunan Merlinda Abrenica gatsau. Malamar lissafi ce, irin wadda aji ke yin tsit tun kafin takalminta ya iso bakin ƙofa. Ta yi kusan shekara ashirin da alli a hannu. Sai mijinta Rodel, mai walda, ya samu aiki a kamfanin ƙera tireloli a wani ƙaramin gari na lardin Saskatchewan a Kanada, ita kuma aka buga mata bizar matar ma'aikaci, ta biyo shi da akwati biyu da jakar takardunta.

To, a nan fa aka nuna mata iyakarta. Makarantar garin ta ɗauke ta aiki, amma mataimakiya. Jan zif ɗin rigunan sanyi, neman safar hannun da ta ɓace, share majina, raka yara banɗaki, shi ke nan. Kuma yaran nan "Merlinda" suke ce mata kai tsaye, sai ka ce sa'arsu! Ranar da wata 'yar mitsitsiya ta fara kiran ta haka, sai da ta waiga ta ga ko da wata ake.

Ba ta da izinin riƙe aji sai ofishin tantance malamai na lardi ya amince da karatunta. Ta kwashi takardunta ta nufi birni. Ma'aikaciyar da ta tarar ta juya digirin, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce ba sa karɓar takardar da aka lulluɓe da roba. Jama'a, a ƙasar da ruwa ke shiga har ƙuryar ɗaki duk damina, wa zai bar digirinsa haka tsirara? Matar ta ce ba komai, dama ba daga hannun mai nema suke karɓa ba. Jami'ar ce za ta sa sakamakon karatun a ambulan, ta liƙe, ta buga hatimi a bakinsa, ya zo musu kai tsaye ba wanda ya buɗe.

"Ni ce fa mai takardar," in ji Merlinda.

"Ai shi ya sa," in ji matar, tana murmushi.

Da Merlinda ta bi abin a hankali, amma sai shugabar makarantarsu, Misis Hrycan, ta ja ta gefe a ɗakin shan shayi. Ta ce tsohon malamin lissafi, Mista Friesen, zai yi ritaya a ƙarshen zango. Ta sha ganin yadda 'yan manyan aji ke zagayowa wajen Merlinda lokacin tara da littattafansu. In shaidar lardi ta fito kafin a tashi hutun bazara, ajin nata ne. In ba ta fito ba, dole a ba wani, doka ce.

Jami'ar tasu kuwa ta ce ita ba ta aika wasiƙa ƙasar waje, sai dai ɗan'uwa ya zo ya karɓa ya aika. Ɗan'uwan da Merlinda ke da shi a kusa shi ne mahaifiyarta, Nanay Pilang, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda da tallan kifi a kasuwa ta kai ta jami'ar.

Ga wanda bai sani ba, mu a wajenmu ba a sakin kaya su tafi ƙasar waje su kaɗai kamar marayu. Matafiyi ake nema a danƙa masa hannu da hannu, kuma abin kunya ne saƙo ya tafi ba ɗan abin taɓawa a ciki. Nanay ta karɓo ambulan, ta ji labarin wani ɗan maƙwabta zai taho birnin Saskatoon da ke lardinsu, ta haɗa masa kwali. Rodel ya tuƙa mota ya je ya ɗauko. Aka buɗe, ga busasshen kifi, ga busasshen mangwaro, ga silifas, ga ambulan a tsakiyar kifin, maiƙo ya zana masa taswira.

Rodel ya shinshina shi, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malama, wannan ko makaho ya san daga Iloilo ya fito. Wace shaida kuma suke nema?"

"Ka ci gaba da dariya, kai da aka gwada ka da ƙarfe biyu aka ce ka fara aiki gobe."

Ta kai shi duk da haka. Hatimin lafiya lau, amma daga hannunta ya fito, don haka suka ƙi.

Da yamma ta kira gida, can safiya ce, zakaru na ta cara a bayan muryar tsohuwar.

"Nanay, ki saurare ni da kyau. Ki koma ki karɓo wani. Ki kai kamfanin aika saƙo, ga adireshin ofishin na turo. Kada ki ba ɗan kowa."

"Yaron maƙwabciyarmu Coring fa mai amana ne, Inday," in ji tsohuwar, da sunan da take kiran ta tun tana ƙarama.

"Ko waliyyi ne kada ki ba shi. Kuma ba kifi."

"Ko ɗan kaɗan? Su mutanen ofishin ba sa cin abinci ne?"

"Nanay! Ba kifi, ba mangwaro, ba silifas!"

"To, to, na ji. Ni da na bi layin makarantar nan shekara huɗu ina biya miki, yau ni ake koya wa aika takarda."

Merlinda ta ajiye waya tana ganin ta toshe kowace kafa. Ba ta ce kada a buɗe ba. Wa zai kawo wannan a ransa?

Nanay ta cika alkawari, har hoton rasiɗin ta sa aka turo. Dusar ƙanƙara ta narke, gari ya koma taɓo, yara suka daina ɓatar da safar hannu suka koma ɓatar da takalman roba. Merlinda ta fara tsayawa a ajin Mista Friesen bayan an tashi, shi kuma yana nuna mata durowar da ke cijewa da tagar da ba ta rufuwa. Ta fito da rigunanta na koyarwa daga ƙasan akwati, ta wanke, ta goge. Rodel ya kama ta tana yi wa firij bayanin lissafi da Turanci, wannan karon bai yi dariya ba.

Sai ga ɗan ƙunshi daga ofishin lardi. Wasiƙar cike da ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Sun ce ambulan ya iso, amma an taɓa buɗe shi, hatimin ya rabu biyu, an sake manne bakin da wani abu mai danƙo. Ba za su iya karɓa ba. Sun kuma dawo mata da wani abu da suka samu a ciki, don suna ganin mai daraja ne a wajenta.

Ta zazzage 'yar ledar a tafin hannunta. 'Yar lambar azurfa ce mai hoton Budurwa Maryamu, ta suɗe don daɗewa har fuskar ba ta fita sosai. Merlinda ta san ta kamar yadda ta san hannunta. Ita ce Nanay ta maƙala mata a cikin wuyan riga ranar jarrabawar zama malama. Ita ce ta kwana a ƙarƙashin matashin mahaifinta a asibiti. Tun rasuwarsa a wuyan tsohuwar take, ko wanka ba ta cire ta.

Washegari ta kai wa Misis Hrycan wasiƙar. Matar ta karanta, ta cire tabarau, ta ce ta yi haƙuri ƙwarai. Ko yau aka sake aikowa, ofishin ba zai gama kafin hutu ba. Akwai wata yarinya da ta gama karatu bana a birni, ita za a ba.

Merlinda ta wuni tana tafasa. Ta ɗaure igiyar takalmin wani yaro har sai da ya ce ta matse shi. Tana isa gida ko jaka ba ta ajiye ba ta danna kira.

"Nanay, kin buɗe ambulan ɗin?"

"Lambar ta iso?" Muryar tsohuwar har rawa take don murna. "Sai da na kai ta coci Fada ya sa mata albarka. A kan tururin tukunya na ɗaga bakin ambulan ɗin a hankali, na mayar da ƙwayar dafaffiyar shinkafa. Ko alama babu, Inday, ke ma da kin gani ba za ki gane ba."

"Da shinkafa! Takardar gwamnatin Kanada kika liƙe da shinkafa!"

"Da me nake liƙe miki littattafanki kina ƙarama? Wanne ya taɓa ɓallewa?"

"Na ce miki kada ki sa komai!"

"Kifi kika ce, da mangwaro, da silifas. Takarda za ta ƙetare teku ta shiga hannun mutanen da ba su san ki ba, ba su san wahalar da kika sha ba. Ni ban iya Turancinsu ba balle in rubuta musu ke wace ce. Abin da nake da shi ke nan na sa."

Merlinda ta ajiye jakarta ta zauna. Haushi na nan bai tafi ko'ina ba, sai dai ta rasa inda za ta sauke shi.

"To yaushe za ki fara?" in ji Nanay. "Na gaya wa 'yan kasuwa kin koma malama."

"An ba wata, Nanay. Ba sa karɓar abin da aka buɗe."

Daga can gida wani babur ya wuce cikin carar zakaru.

"Saboda ni?"

"Akwai baɗi," in ji Merlinda.

"Gobe zan koma jami'ar," tsohuwar ta faɗa a hankali, murya ta sauka. "Ba zan taɓa shi ba. A leda zan riƙe shi har kamfanin." Sannan ta ƙara da cewa, "Ita kuma lambar, Inday, ki bar ta a wajenki. Kada ki ba kowa ya kawo mini."

Da aka koma makaranta, sabuwar malamar lissafi ta iso, yarinya mai fara'a, sa'ar ɗaliban Merlinda na can gida. Aka tura Merlinda ajin ta riƙa taimaka mata da rabon takardu. Merlinda ce ta nuna mata yadda ake ɗaga durowar nan kafin a ja. Sannan ta koma kujerar bayan aji ta zauna, sanye da rigar koyarwarta mai guga, lambar na maƙale a cikin wuyan rigar tana sukar ta kaɗan duk lokacin da ta sunkuya.