Baƙon Farfesa na Bayan Azahar

Cikin duk shekarun da na yi a wannan aiki, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na sauka Matameye da babin tez ɗina, wato kundin bincikena, a jaka, ina neman taimakon mutumin da aka ce mini ya daina magana. Tunda ku da kuka fara bincike bana kun tambaye ni, bari in ba ku labarin yadda aka yi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku, wanda in ka gama ake ce maka dakta. Ga wanda bai san sashenmu ba, aikinmu lissafi ne a kan abin da ake kira iskar Bose. Akwai wasu ƙwayoyin zarra da in aka tara su a wuri guda aka sanyaya su har dab da ƙarshen sanyi, sai yawancinsu su dunƙule cikin hali ɗaya, su riƙa motsi tare. Injinan da ke wannan sanyayawa suna ƙasashen waje. Mu namu alli ne da allo da ordinater, wato kwamfuta. Mukan ɗauki dunƙulen nan kamar fuskar tafki, motsin cikinsa kamar kaɗawar ruwa, sannan mu yi ƙananan zane-zane, kowane zane yana nuna hanya ɗaya da kaɗawar ke karo da juna. Kowane zane da lissafinsa, a ƙarshe a haɗa su a sami amsa.

Ni abin da aka ba ni shi ne yadda sauti ke tafiya cikin dunƙulen da yadda yake mutuwa. Wasu zane-zanen in ka lissafa su su kaɗai, amsarsu hauhawa take yi ba iyaka. Ƙa'ida ita ce in an haɗa su duka sai su cinye juna, a bar adadi mai ma'ana. Nawa sun ƙi. Kullum sai gutsure ɗaya ya rage yana hauhawa.

Mai duba aikina shi ne Farfesa Lawali, mutumin Matameye, wanda duk muke ce wa Malam. Kafin in kai ga wannan matsala, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a ofis. Ɓarinsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke, iyalinsa suka mai da shi gida. Shugaban sashe ya kira ni ya ce, "Zuwaira, alƙalan jarrabawa ba za su karɓi babi mai rami a tsakiya ba. Ko ki toshe shi, ko ki cire shi." Babin kuwa shi ne zuciyar tez ɗin. In na cire shi, aikin shekaru ya tashi a banza.

Sai na hau mota daga Yamai. Muka karya a Takeita, muka bi ta Kance, na isa Matameye da hantsi, zafi ya fara. Da na tambayi gidan a tasha, wani mai sai da rake ya ce, "Gidan Malamin iska? Bi nan." Mutanen gari sun daɗe da jin cewa aikinsa a kan iska ne, kuma kowa ya fassara kalmar yadda ya ga dama.

Matarsa, Hajiya Mariyama, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta kai ni wurinsa a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, yana zaune a kan tabarma an jingina shi da matashi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni kamar yadda ake duban bango. Na ce, "Malam, Zuwaira ce." Ko gezau.

Hajiya ta ce, "Ɗiyata, ko ƴaƴansa bai gane su. Amma ki dakata a yi azahar." Sannan ta ƙara da cewa, "Yana da baƙo."

Ban fahimce ta ba, ban kuma tambaya ba. Bayan salla gari ya yi tsit, irin shirun nan na rana tsaka da ko akuya ba ta kuka. Na ɗauko takarduna na zo na zauna a gefen tabarmarsa na hagu, don in nuna masa zanen ko Allah zai sa ya gane wani abu. Ban gama zama ba ya juyo, ya buɗe baki da muryarsa ta da, tar da ita, ya ce, "Tashi, kin zauna masa a kan riga."

Na miƙe na koma kan kujerar tsuguno kusa da Hajiya. Ba kowa a wurin da na tashi, tabarma ce kawai da inuwar ganye.

Malam ya muskuta gefe da ƙyar, kamar mai ba baƙo wuri. Daga nan ya fara Faransanci, ba gargada, irin wanda yake yi mana a aji. Ya yi magana, ya tsaya, ya karkata kunne, ya gyaɗa kai, ya sake magana. Wani lokaci ya katse kamar an tari numfashinsa, ya ce, "A'a, Isufu, bari in gama."

Na raɗa wa Hajiya, "Wane ne Isufu?"

Ta ce, "Abokinsa ne, tare suka yi karatu a ƙasar waje, fanninsu ɗaya. Ya rasu tun ina goyon ɗanmu na fari."

Na kasa kunne sosai, don da farko na ɗauka sambatun marar lafiya ne. Ba sambatu ba ne. Musu suke yi, in dai za a ce suke, a kan lissafina. Malam ya ambaci zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, ya zo daidai kan gutsuren da ke hauhawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ban kai wannan mataki ba sai bayan da ya kwanta ciwo. Ban nuna wa kowa ba in ban da shugaban sashe, takardun kuwa suna kan cinyata a rufe.

Can sai ya yi dogon shiru yana sauraro. Ya yi ƴar dariya ya ce, "Ka yi gaskiya. Yarinyar ta ɗauka dunƙulen tsaye yake. Ta manta shi ma yana raguwa." Ya miƙa hannun hagu ya fara zane da yatsa a kan rairayin bakin tabarma: layi, da wani ɗan reshe da ya fita daga layin ya ƙare da zagaye. Ya rubuta haruffa a gefe. Na yi shekaru ina karanta rubutun Malam a allo, wannan ba shi ba ne. Haruffan a kwance suke, sirara. Na gaya wa kaina ai da hagu yake rubutu, dole ya canza. Hajiya ta leƙa, ta ja mayafinta, ta ce a hankali, "Marigayin bahago ne."

Na kwafe zanen. Shi ne zanen da na tsallake, wanda ke lissafa yadda karon ƙwayoyin ke zaftare dunƙulen kansa. Amma rabi ne. Malam ya fara layi na biyu, yatsansa ya tsaya, kansa ya langwaɓe, gumi ya jiƙa masa riga. Aka kama shi aka kai ɗaki jikinsa zafi rau.

Da la'asar babban ɗansa, Alhaji Mutari, ya dawo daga kasuwa, aka gaya masa. Ya same ni a zaure, ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce, "Malama, ba korar ki nake ba. Kullum yakan yi hirar nan, amma gajeriya, ya yi barci. Yau ne kawai ya wahala haka. Liman na zuwa yi masa addu'a, lokotoron asibiti ma ya ce a bar kansa ya huta. Mu mahaifi muke jinya."

Na ce, "Alhaji, saura kaɗan. In ya ƙara zama ɗaya zai ƙarasa."

Ya dubi mahaifiyarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Hajiya ta ce, "Ba zan hana ki ba, don ya sha faɗa mini ke ce ɗalibar da yake ji da ita. Ki kwana, gobe bayan azahar ki zauna in kina so. Amma ki gaya mini, da ɗiyarsa ce ke ta cikinsa, za ki zauna?"

Ina jin rabin amsar a jakata, sauran rabin yana bayan bango ɗaya, a kan mutumin da ke nishi. Na ce, "Inna, da safe zan koma."

Da safen na shiga yi masa sallama. Ya dube ni kamar yadda ya dube ni da na zo. Na riƙe hannunsa na hagu, akwai sauran rairayi a farcensa. Na yi masa addu'a na fito.

Rabin da ya rage ya ci mini watanni. Sai da na nemi a ɗage jarrabawa, na sake lissafin tun daga tushe, na gano cewa zanen nan yana da ɗan'uwa, kuma sai an sa su biyun sannan hauhawar ke mutuwa. Ranar da ta mutu a takarda, adadi mai tsabta ya fito, ban yi murna yadda na zata ba. Na zauna ina kallonsa kawai.

A ranar kare tez, ɗaya daga cikin alƙalan, wani dattijo da aka gayyato daga wata jami'a, ya tambaye ni, "Wannan zanen, yaya aka yi kika lura da shi?" Na ce, "Malamina ne ya nuna mini, cikin wata tattaunawa." Ya ce, "Tattaunawa da ke?" Na ce, "Ina wurin dai." Ya dube ni ta saman tabarau, ya wuce tambaya ta gaba.

Na taɓa ba wani likitan ƙwaƙwalwa labarin. Ya ce akan sami wanda harshe ɗaya ya ɗauke masa ɗaya ya rage, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa cikin lissafi zai iya hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe tun kafin ɗalibin ya isa wurin. Bayani ne mai kyau, ban kuma musa masa ba. Sai dai bai zauna a tsakar gidan nan ba, balle ya ji tsawon shirun da Malam ke bari, daidai tsawon amsar mutum.

Malam ya rasu ba da daɗewa ba bayan na zama dakta. Na koma Matameye ta'aziyya. Da mata suka ragu, Hajiya ta jawo ni kusa ta ce, "Ranar da zai cika, bayan azahar ne. Bai yi Faransanci ba. Ya dubi gefensa na hagu, ya ce da Hausa, to mu je."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A wannan sana'a za ku ƙwallafa rai a kan amsa har ku riƙa ganin mutane kamar rijiyar da za ku ɗebo ta. Lissafi yana jira, ko shekara nawa ne, mai lissafin ne ba ya jira. Sannan akwai wurin da ilminmu ke ƙarewa, kuma an horar da mu mu faɗi gaskiya in mun isa can. In kun tambaye ni yadda sauti ke mutuwa cikin iska mai sanyi, zan tashi in rubuta muku a allo yanzu. In kun tambaye ni da wa Malam yake magana, amsata ita ce ban sani ba.