Malama Kaltume da Askar Iliyasu

Kafin 'yan gona su fita, Malama Kaltume ta riga ta share farfajiyar ƙaramin asibitinmu da ke gefen Bici, ta ɗora tukunya ta tafasa ƙarafunan duba haƙori. Duk wanda ya shigo, ko ciwon ƙafa ya kawo shi, sai ta ce, "Buɗe baki mu gani." Har tsokanarta muke yi, wai ta fi sanin dasashinmu a kan fuskokinmu. Ga shi wannan watan za ta ajiye aiki.

A shekarun da taki ya gagara, shiga mota zuwa Kano ma ta gagari talaka, ƙanwata Sauda tana da tsohon ciki sai wani jan tsiro ya fito mata a dasashi. Ko tuwo ta tauna sai jini. Ta ajiye aswaki, ta rage cin abinci, ta rame. A garinmu kuwa, duk abin da ya tsiro a baki na wanzami ne. Innarmu ta aika aka kira Iliyasu wanzami, ya zo da zabirarsa.

Yana wasa aska Malama Kaltume ta yi sallama, tana haki, wata maƙwabciya ce ta kai mata labari. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Iliyasu, taɓa shi da auduga kawai ka gani."

Ya taɓa, jini ya ɓalle.

"Ka gani? Ba ƙurji ba ne. Datti ne ya kumbura dasashin, jiki ya yi ta tsiro da ƙananan jijiyoyin jini a wurin, ciki kuma ya ƙara zuga su. In ka sa aska, a nan ba mu da abin tsayar da shi, ita kuma jininta ya riga ya yi ƙasa."

Tsohon ya naɗe askarsa. "To, 'yar nan, ke me za ki yi?"

Kankare dattin ta yi a hankali, ta mayar wa Sauda da aswakinta, ta sa ta kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ta yi ta zarya gidanmu a ƙafa har Sauda ta sauka lafiya, tsiron ya motse da kansa.

Malama, ke ce kika tsaya mana ranar da tsoro ya rufe mana ido. Ke ce kika hana yanka ba tare da kin kunyata dattijo ba, shi ya sa har gobe yake turo miki masu ciki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi durƙusawar nan tata.

Askar kuwa ba ta tashi a banza ba. Da ita Iliyasu ya yi wa jaririyar Sauda askin suna.