Randar Inna a Kujerar Gaba

Tun da soja suka koma bariki ake ce mana arziki na nan tafe. Abin da ya iso Wudil dai wayar hannu ce da robobin ruwa, kuma robobin nan su suka kashe wa Inna kasuwa. Wata Juma'a ta dawo da randunanta yadda ta kai su, ta ce ta daina ginin randa. Da yumɓun nan ta raine mu, don haka raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ɗauki hoton randa na saka a intanet. Sai da na taka har bakin gada kafin ya hau, don sabis ɗin unguwarmu sai ya ga dama. Yayana, mai shagon robobi a Sabon Gari, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke dai ba kya jin magana. Wa zai sayi randa bai ƙwanƙwasa ya ji ƙararta ba?"

Gaskiyarsa, amma ban gaya masa ba. Da wata Hajiya a Kaduna ta yi wannan tambayar, sai na kara wayar a bakin randar, na ƙwanƙwasa, na tura mata sautin. Ta ce a kawo.

Nan wahalar ta fara. Masu aika kaya a Kano suka ce ba sa ɗaukar abin fashewa. Na ba wani direba randar a tasha, shi kuwa ya ɗora mata buhun albasa. Gutsattsari ne suka isa Kaduna. Hajiya ta ce dama an gaya mata masu sayar da kaya ta waya mayaudara ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Inna ta ce, "Ki haƙura, 'yar nan. Zamani ne ya wuce mu."

"Ni bai wuce ni ba, Inna."

Na zaɓi wata randar, na naɗe ta da zani, na biya mata kujerar gaba, na zauna na rungume ta. Fasinjoji sai tsiya suke yi, wai amarya za a kai. Riba kam ba a maganarta, mota ta cinye. Na dire randar a tsakar gidan Hajiya lafiya lau, na ce ta duba da kyau ta gani ko mayaudara ne suka gina ta.

Da na dawo gida, Inna ba ta tambaye ni yadda aka ƙare ba. Hannunta dumu-dumu da yumɓu, ta ce in matsa, na tare mata haske.